Wace Waƙa Za Ka Shiga da Ita? Abin da Na Koyo Tsakanin Magama da Maraɗi

Tun ranar da aka manna sanarwar tantance mawaƙa don makon ɗalibai, ɗakin kwananmu bai sake samun shiru ba. Wannan na yi a banɗaki, wancan na yi a bakin famfo, wani kuma sai ƙarfe biyun dare muryarsa ke buɗewa. Ba ƙorafi nake ba, ni ma cikinsu nake. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na kasa kunne kwana uku, na ji kusan kowa waƙoƙi biyu ko uku yake juyawa, waɗanda ke tashe a TikTok. Bara ma haka aka yi. Na zauna a bayan zaure ina kallon masu murya ta gaske suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma da yawansu tun a ɗaki suka faɗi, ranar da suka zaɓi waƙar da za su shiga da ita.

Ni ɗan Jibiya ne, kuma na taɓa yin wannan faɗuwar, sai dai tawa har ƙetare iyaka na yi na je na yi ta.

A farkon 2023, lokacin da takardar naira ta zama abin nema saboda canjin kuɗi, wani ɗan ƙanen babana da ke zaune a Maraɗi ya kira ni ya ce akwai wani situdiyo da ke neman sababbin muryoyi, in zo a gwada ni. Iyakar Magama ba ta daɗe da buɗewa ba, don tun da aka rufe ta a Agustan 2019 sai a Afrilun 2022 aka sake buɗe ta. Ga wanda bai san yankin ba, daga Jibiya zuwa Maraɗi bai fi daga Jibiya zuwa Katsina nisa da wani abin kirki ba. Ka wuce Magama, ka wuce Ɗan Isa, sai ga ka a gari. Amma tsaye-tsayen hanya, na kwastan da na jandarma da na 'yan duwan, su ke cinye rabin safiya. Na fito da hantsi cikin hazon hunturu, a bayan mota, ƙura na shiga hanci da baki, ban karya ba sai shayi, na isa bayan azahar. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Mu goma sha wani abu ne a tsakar gidan. Ba lasifika, ba kiɗa, makirfo ɗaya ne kawai da ba a ma kunna ba. Masu sauraro uku, biyu matasa, ɗaya dattijo mai furfura da ya kishingiɗa yana jan carbi kamar ba ya tare da mu. Waƙar da na yi wata guda ina shiryawa, wata waƙar soyayya ce ta fim da ke tashe lokacin. Kafin a zo kaina mutum huɗu sun riga sun yi ta. Da na buɗe baki, baitin farko ya tafi lafiya. Ana zuwa inda mai waƙar ke hawa sama, murya ta tsage kamar an yaga atamfa. Na ce a ba ni dama in canza. Don in nuna ni Bakatsine ne, sai na ɗauko ta Shata. Layi biyu na yi na tsaya, saboda wurin da 'yan amshi ya kamata su karɓa ba kowa, wurin da kalangu ya kamata ya yi magana ba komai. Na ji kaina tsirara.

Dattijon nan ya ɗago ya ce, "Yaro, mi ya kai ka ɗaukar kayan da ba naka ba? Ta farko ta inji ce, ta biyu ta mutum goma ce. Kai kuma kai ɗaya ne ka zo."

Duk abin da zan faɗa a ƙasa bayanin wannan maganar ne.

Bari mu fara da ta inji. Waƙoƙin da muke ji na situdiyon Kano da Kaduna, ba a zama ɗaya ake yin su ba. Mawaƙi yana yin layi, a tsaya, ya sha ruwa, ya huta, ya yi na gaba. Inda ya kauce a goge a sake. Daga baya a ɗora muryarsa a kan muryarsa sau biyu ko uku don ta yi kauri, a yanke duk inda ya ja numfashi, sannan a bi ta da Auto-Tune, manhajar da ta fito tun 1997, wadda aikinta shi ne ta jawo muryar da ta kauce ta mayar da ita kan layi. Wannan ba zagi ba ne, haka sana'ar take a duk duniya, kuma Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker ba inji ne ya ba su basirar shirya baiti ba. Amma abin da ke fitowa daga wayarka ba aikin maƙogwaro ɗaya ba ne a numfashi ɗaya. Akwai baitocin da ba a bar ko ƙofar jan iska a cikinsu ba. In ka ce sai ka yi su yadda ka ji su, kana tsaye gaban alƙalai, gabanka na faɗuwa, to a tsakiyar kalma iska za ta ƙare maka.

Gwajin mai sauƙi ne. Kashe kiɗan, cire abin kunne, kunna rikodar waya, ka yi waƙar daga farko har ƙarshe a tsaye. Kar ka saurara a take, bari sai gobe. Wallahi yawancinmu ba mu taɓa jin muryarmu ba tare da ta mai waƙar tana tallafe da ita ba. In waƙar ta tsaya da ƙafarta a wannan rikodin, ajiye ta gefe, ta shiga layi. In kuwa ka ji daɗinta duk a kiɗan fiyanon yake, to ka bar wa masu biki.

Akwai kuma matsalar waƙar mutum biyu. Yawancin waƙoƙin fim namiji da mace ne ke karɓa-karɓa, salon da muka gada daga finafinan Indiya, kuma ana ɗora muryar macen can sama. Namiji ya shigo shi kaɗai, ya yi nasa, sannan ya matse maƙoshi ya yi na macen. Zaure ya yi dariya, shi ke nan an tashi daga sauraro an koma kallon wasa. In dole sai irin wannan waƙar, ɗauki ɓangare ɗaya ka ɗinke baitocinsa.

Sai ta mutum goma. Nan ne 'yan kishin gargajiya irina ke faɗawa rami. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 1999, bai taɓa zama shi kaɗai a fage ba. Waƙarsa hira ce tsakaninsa da kalangai da 'yan amshi: ya jefa magana, su karɓa, kafin su gama ya numfasa ya shirya ta gaba. Amshin nan shi ne wurin hutunsa kuma shi ne ginshiƙin waƙar. Haka Musa Ɗanƙwairo da Narambaɗa da kotsonsu, inda 'yan amshi ba maimaitawa kawai suke ba, ƙarasa masa magana suke, wani lokaci su ƙara tasu. Haka Sarkin Taushin Katsina. Haka Barmani Choge ta Funtuwa da matanta masu ƙwarya. Ka cire waɗannan mutanen, abin da ya rage kamar rumfa ce da aka zare wa shika-shikai.

Ba cewa nake kar a taɓa tsofaffin waƙoƙi ba. Cewa nake a duba ginin waƙar. Wadda aka yi ta da abin kiɗa ɗaya da baki ɗaya ta fi sauƙin ɗauka, irin na Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa ko Haruna Uji da gurminsa, don tun asali labari ne mutum ɗaya ke bayarwa, kuma labarin shi ke riƙe mai sauraro. In kuma zuciyarka ta nace kan mai amshi, tambayi kwamiti tun yanzu ko an yarda ka shigo da abokai biyu su karɓa maka. In an yarda, ka riga ka fi rabin zauren. In ba a yarda ba, haƙura.

Wani abu kuma game da manyan nan: alƙalin da ya girma da muryar Shata a rediyon babansa, kana buɗe baki da Shata zai auna ka, ba da ɗalibin da ya gabace ka ba. Wa ya aike ka wannan kokawar?

Yanzu maganar murya ita kanta, wadda ita ce ba a son ji. Kowa yana da inda muryarsa ke farawa a ƙasa da inda take ƙarewa a sama, kuma tsakanin nan akwai inda take zaune daram, inda za ka yi minti goma ba ka gaji ba. Sauke manhajar fiyano a waya, kyauta ce. Bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya kana kwaikwayo, ka yi ƙasa har inda murya ta koma gurnani, ka yi sama har inda jijiyar wuya ta fara tashi. Rubuta su. Sannan nemo wuri mafi tsawo a waƙar da kake so. In wurin nan ya yi daidai da ƙarshen samanka, waƙar ba taka ba ce a wannan matakin, don abin da ka iya taɓowa da ƙyar a ɗaki da yamma, ba za ka taɓo shi ba ranar gwaji. Tsoro yana busar da baki, yana gajarta numfashi, yana matse maƙoshi. Ka bar wa kanka sarari na maɓalli biyu ko uku a sama.

Magani ba wuya: sauke waƙar ƙasa. Ba wanda ya ce dole a matakin da mai ita ya yi za ka yi. Masu fiyano suna sauke wa mawaƙa kullum. Abin lura kawai, idan ba kiɗa, kusan kowa yana farawa sama da inda ya saba saboda zumuɗi, sai an kai tsakiya ya gane ya hau bishiyar da ba zai iya sauka ba. Abin da ya same ni ke nan. Kafin a kira sunanka, danna maɓallin farawarka a waya, ka sa a kunne, ka riƙa gunguninsa a hankali har ka isa gaban tebur.

Na ce ku riƙe maganar hanya. Murya nama ce. Wanda ya sha ƙurar hunturu daga Magama zuwa Maraɗi, cikinsa ba komai sai shayi, ba da muryar da ya yi atisaye da ita ya isa ba. Masu zuwa daga gari ko daga ƙauye ranar tantancewa, ku fito da wuri, ku rufe hanci da baki a hanya, ku sha ruwa tun daren jiya, ba kofi ɗaya a bakin ƙofa ba. Kuma ku zaɓi waƙar da za ku iya yi ko da mura ta fara taɓa ku.

Akwai wani abu da ya shafi Hausa musamman, wanda masu koyon waƙa daga bidiyon Turawa ba za su ji shi a can ba. Harshenmu na karin sauti ne. Kuka na hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya ne ya raba su. Wuya na jiki da wuya ta wahala, haka. Tsofaffin mawaƙanmu karin waƙarsu yana bin karin maganar, shi ya sa ko ba ka ga rubutu ba kana jin kowace kalma. Matsala tana zuwa in ka ɗauko karin wata waƙar Indiya ko ta Legas ka cusa mata kalmomin Hausa da ƙarfi. Sai ka ji an ja gajeren wasali, an danne kalmar da ya kamata ta tashi, ma'ana ta juye. Alƙali Bahaushe ko bai iya bayanin abin ba, kunnensa zai ce masa wani abu ya karkace. In waƙar taka ce ka rubuta, karanta baitin da baki kamar magana, sannan ka rera, ka ji ko kalmomin sun tsira.

Masu son shiga da waƙar Turanci, ba laifi, musamman mai burin zuwa irin su Nigerian Idol ko The Voice Nigeria. A The Voice ma alƙalan baya suke juya maka, murya kawai suke ji. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah: in ka manta layi, za ka iya cike gurbin da Turancinka ba tare da an gane ba? A Hausa za ka iya. Kuma ka san ma'anar kowace kalma kafin ka tsaya gaban malamanka kana rera ta. Na taɓa ganin wanda bai sani ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da iyaka ta koya mini fiye da komai, wato waƙa ɗaya ba ma'ana ɗaya take da ita a ko'ina ba. Mu da mutanen Maraɗi dangi ne, kowa ya sani. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, gidan sarautar da aka kora ne ya yi arewa ya kafa Maraɗi, kuma har yau sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. To ka ga in ka tsaya a Maraɗi kana wasa Sarkin Katsina, sai a tambaye ka wanne. Waƙoƙin fada kuma cike suke da habaici da zambo, kuma kowane zambo da mai shi, da jikokinsa. Kai kana jin daɗin kari, wani a zaune yana jin ana taɓa kakansa. A zaurenmu ma haka ne, akwai ɗan Daura, akwai ɗan Funtuwa, akwai ɗan Gobir, akwai wanda ba Bahaushe ba sam. Waƙar siyasa kuwa, ko ta Rarara ce ko ta wanda ke mayar masa, kana farawa ka raba alƙalai biyu kafin su ji muryarka. Wasu waƙoƙin amada na cikin gida ne, na mata zalla ranar suna ko biki. 'Yar'uwa, ki tace baitocin kafin ki kawo su gaban maza da malamai. Mai shiga da bege shi ma ya duba ko wurin ya dace da girman abin da zai ambata, kar a sa shi tsakanin masu barkwanci da masu rawa.

Kar wannan ya sa a ɗauka iyaka katanga ce ga waƙa. Fati Nijar daga Maraɗi ta fito, a Kano ta yi suna. Kaset ɗin marigayi Sa'adu Bori ya sha juyawa a motocin hayarmu. A Nijar har gasar kiɗa ta ƙasa suke da ita mai sunan Ɗan Gurmu na Tawa. Kunnen can da na nan kusan ɗaya ne, sai dai kowanne da inda yake da miki.

Saura tsawo. Ba wanda zai ba ka minti bakwai. Shirya abin da bai wuce minti ɗaya da rabi ba, kuma kar ka ɓata rabinsa a shimfiɗa da jinjina wa alƙalai. Fara daga baitin da ya fi ƙarfi ko da shi ne na uku a asalin waƙar. A ce akwai wuri mai sanyi da wuri mai tashi, don a ji kana da gaba da baya. Ka san inda za ka tsaya da kanka, tsayawa mai tsabta, ba sai an ɗaga maka hannu ba. Sannan ka riƙe ta biyu a aljihu, wadda ba ta yi kama da ta farko ba, kuma ka yi mata atisaye daidai da ta farkon. Tawa ta biyu a tsakar gidan nan na ƙirƙiro ta, kun ji yadda ta ƙare.

Waƙar kanka fa? Ra'ayina, in kana da ita kuma ka gwada ta a kunnen mutanen da ba sa jin nauyinka, shiga da ita. Ba wanda za a auna ka da shi, kuma a kan muryarka aka ɗinka ta. Haɗarinta shi ne alƙali zai raba hankali biyu, yana auna murya yana auna baiti, in baitin ya yi rauni ya ja muryar ƙasa. Kuma ka naɗe ta ka tura wa kanka da wani amintacce kafin ka rera ta a bainar jama'a, saboda kowa a zauren yana da waya.

Ban gama muku labarin Maraɗi ba. Na juya zan fita sai dattijon ya ce in dawo. Ya ce, "In ba kowa kusa da kai, kana wanki ko kana bisa hanya, mi kake rerawa?" Na ji kunya, na ce, "Baba, ba waƙar kirki ba ce, ta kakata ce, wadda take yi in tana niƙa." Ya ce in yi. Waƙa ce da ba ta hawa ko'ina, duk a tsakiyar murya take, da wurin numfashi bayan kowane layi, don mai ita tana tura dutse ne lokacin da take yin ta. Ban taɓa yi mata atisaye ba, amma tun ina goye nake jin ta. Na yi baiti uku. Ya daina jan carbin. Da na tsaya ya ce da matasan, "To ga muryar yaron nan, sai yanzu ta iso."

Ba a ɗauke ni a matsayin mai jan waƙa ba, kar ku ce na yi muku ƙarya. Wata yarinya aka ɗauka, wadda ta shigo da waƙarta, gajera, ba ado, ta yi ta tsaya. Ni amshi aka ba ni. Na je sau huɗu, ana sallamata da 'yan jikkunan sefa da nake canzawa a Magama in yi kuɗin mota da na hando. Ana shirin na biyar sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Kafin nan sun sami wani a can.

Bana zan shiga tantancewar. Na zaɓi biyu, ɗaya tawa, ɗaya ta gurmi da na sauke ta maɓalli biyu. Duk wanda ke son a duba masa iyakar muryarsa, muna haɗuwa bayan la'asar ranakun Talata da Alhamis a ƙarƙashin darbejiyar bayan ɗakin karatu. Ku zo da waya mai caji da waƙoƙi uku, don da wuya ta farkon ta tsira.